Rabin Sakainar Nafi'u

Litinin, 6 ga Afrilu, 2009

Shekara shida da wata biyu ke nan, har yau babu wanda ya ba ni amsa. Mutum ya ajiye maka kaya, ya ce "sai jibi, Baba," ya bi hanyar Katsina. Jibin nan ce ba ta zo ba.

Na fara rubutawa ne don in na mutu a san ba ni na ci ba. Boko ban yi ba. Wata uku na zauna ajin yaƙi da jahilci bayan furfura ta fara fito mini, shi ya sa rubutun ke karkacewa. To ma wa zai gani.

Shekara arba'in da ɗaya ina ajiya a rumfar nan ta Magama, bakin iyaka. Wanda ya taho daga Maraɗi da kayan da ba zai iya wucewa da su ba a ranar, ko wanda za shi can, wurina, ni Maɗugu, yake bari. Ban taɓa ba mutum takarda ba. Sakaina nake karyawa biyu, in ɗaura rabi a jikin kaya, mai kaya ya tafi da rabi. Ranar da ya dawo a haɗa baki, in ya zauna, ɗauki kayanka. Ban taɓa kwance buhun wani ba. Ban taɓa raba kaya biyu ba, ko da ɗan mai kayan ne ya zo ya ce a ba shi rabi. Yadda aka kawo haka ake mayarwa.

Sai baƙar jakar nan. Nafi'u sunansa, malamin dabbobi ne daga Maraɗi, dogo mai tabarau. Kwamfuta ce a ciki, irin wadda ake ninkewa kamar littafi. Ba shi da takardar shiga da ita, ya ce zai je ya samo. Ya sa rabin sakainarsa a aljihun gaba, na gani da idona.

Laraba, 8 ga Afrilu

Matata Rakiya ta aiko daga Riko, garinmu. Wai damina ta kusa, gonar bana ma aro za a ba da ita ko zan dawo. Ta san amsar, don ta ji ni na faɗa ne kawai.

Shekara biyu da suka wuce na sallami kowa da kayansa, gwiwoyina sun gama aiki. Jakar kaɗai ta rage. Ɗantala direba, mai jigilar Jibiya zuwa Maraɗi, wanda ke ce wa kwamfuta ordinatar kamar mutanen can, ya ce a gaban mutane, "Baba, saida ordinatar ɗin nan ka sai taki, mai ita ya manta da kai." Aka yi dariya. Ni kuma na tashi na rantse da Allah ba zan kwana Riko ba sai jakar ta shiga hannun mai ita. Bakina ne ya ɗaure ni, ban ce wani ba ne.

Amma an ba ni amsa? Da aka ƙaddamar da Shari'a na ce to, yanzu kowace tambaya tana da gida. Na je wurin alƙali, ya ce wannan ba tsintuwa ba ce da za a yi cigiya shekara guda a ci, ajiya ce, ajiya kuwa ba ta tsufa. Na ce ni fa ina tsufa. Ya ce in je wurin liman. Liman ya ce in yi haƙuri. Direbobin da na aika da cigiya sun fi ashirin, kowa ya dawo ya ce Nafi'u a Maraɗi sun fi motocin tasha yawa.

Ɗantala ya ce in je da kaina mana, tafiyar awa guda ce. Mai ajiya ba ya bin mai kaya. In na tafi ya zo fa?

Lahadi, 12 ga Afrilu

Kasuwa. Duk mai tabarau sai na bi shi da kallo. Babu.

Alhamis, 16 ga Afrilu

Filibus ya dawo daga bikin Ista. Shi ne ma'aikacin lafiya mai duba katin allura a bakin shinge, mutumin Zuru, shekara huɗu yana shan inuwar rumfata da rana. Ya kawo mini zuma. Ya dubi jakar a rataye ya ce, "Baba, kana cigiya a tasha, alhali adireshin mutumin yana rataye bisa kanka."

Wai irin waɗannan mutane suna zuba komai a ciki, lambar waya, sunan unguwa, wasiƙu. Na ce ban taɓa buɗe kayan mutum ba. Ya ce, "In ɗan akuya ya ɓata, ba kunnensa ake dubawa a ga tsagar gidansu ba?" Na ce jaka ba akuya ba ce. Ya ce to Allah ya ba mu haƙuri, ya koma aikinsa.

Maganar ta zauna mini a ƙirji kamar tuwon da bai nuna ba.

Juma'a, 17 ga Afrilu

Bayan masallaci na tsare liman. Na ce buɗewa don neman mai kaya cin amana ne? Ya ce niyya ake dubawa. Na ce e ko a'a. Ya ce niyya ake dubawa, Maɗugu. Kullum haka, ka kawo tambaya mai ƙafa biyu a ba ka amsa mai ƙafa huɗu.

Asabar, 18 ga Afrilu

Na buɗe. Na kafa wa Filibus sharaɗi, hannuna kaɗai zai taɓa ta. Shi ya faɗa, ni in danna. Ya ce yatsana kamar taɓarya, in yi a hankali.

Lawwali mai cajin waya ya ja mana igiya daga janaretonsa, don batirinta ya mutu tun tuni. Ta yi ƙara, ta kawo haske, ta yi rubutu da Faransanci, sai fuskar ta koma shuɗiya ta mutu. Sau biyar haka. Filibus ya ce abin da ke tafiyar da ita ne ya lalace, amma kayan cikin suna nan. Kamar gida ne, in ji shi, mai gadi ya mutu da makulli a hannu, ɗakuna kuwa cike.

Ya ce yana da wani faifai da abokinsa ya aiko masa daga Zariya, Linuks sunan abin da ke ciki. Ba saye ake ba, wai mutanen duniya ne suka yi gayya suka ƙera shi, kowa ya ɗauka. Na ce abin da ba a saya ba ina ya sami ƙarfi. Ya ce, "Baba, ruwan sama nawa ka saya bara?" Bakinsa ya fi allurarsa kaifi.

Na ce baƙon mai gadi a gidan mutum ba da izininsa ba. Ya ce ba zai shiga gida ba, a zaure zai tsaya, daga kan faifan zai yi aiki, in an zare faifai ya tafi ko sawunsa ba za a gani ba. Na sa ya maimaita sau uku.

Talata, 21 ga Afrilu

Ya yi aiki, amma kamar jakin da ya kwana da yunwa. Mun fi awa muna jira. Sai ga ɗakunan Nafi'u sun fito a jere, 'yan akwatuna masu launin ƙasa. Na farkon da na danna hoto ne.

Shi ne. Tabarau ɗin nan. Yana tsugune gaban wata ƙofar ƙarfe koriya, da 'yan mata biyu tagwaye, ba su wuce shekara uku ba, an yi musu anko da atamfa mai ruwan ɗorawa. Ɗaya ta riƙe kunnensa, ɗaya tana kuka. A bayansu wata tsohuwa zaune kan turmi da aka kifa, tana dariya, haƙori ɗaya a sama. Gefe kuma bishiyar lemun tsami.

Na kau da kai, don iyalin mutum ne. Sannan na sake dubawa. Shekara shida ina zaginsa a zuci, ban taɓa tunanin yana da uwa ba.

Kafin mu kai ga ɗakin wasiƙu komai ya sandare. Muka kashe muka kunna, faifan ya yi ta gurnani a banza. Filibus ya ce wurin karanta faifan ya gaji, in muka matsa masa zai mutu gaba ɗaya. Hanya ɗaya ta rage, a ba baƙon ɗaki guda a cikin gidan, ya zauna da gindinsa, sannan a bi ɗakunan a natse. Kayan Nafi'u ba za a taɓa ba, gefe kawai za a matsar da su.

Na ce jiya zaure, yau ɗaki, gobe ya auri matar gida. Ya yi dariya har ya ƙware. Ban ce na yarda ba. Ban ce ban yarda ba.

Laraba, 22 ga Afrilu

An yi. Tun hantsi muka fara. Yana faɗa ina dannawa, ƙasa, lokaci, harshe. Ana cikin haka babbar mota ta iso daga Nijar cike da mutane, ga shi lokacin sanƙarau ne, dole ya je ya duba katinsu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Baba, jira ni, kada ka taɓa."

Na jira. Lawwali ya leƙo ya ce mai ya kusa ƙarewa, in janareto ya mutu ba ruwansa. Na dubi fuskar kwamfutar. Turancin ban iya ba, amma hoto kowa ya iya. An zana sanda a kwance, an yanka ta biyu, rabi launi ɗaya, rabi wani launi. Kayan mutum ne za a raba a gabana, a rumfata. Na danna kibiyar da Filibus ya koya mini, sai hoton ya sake, sandar ta koma guda, launi ɗaya daga kai har gindi, ba yanka ko ɗaya. Na ce yawwa, ashe akwai hanyar mutunci. Na danna babban maɓalli.

Da ya dawo, tana tambayar sunan mai ita. Ya ce a sa nawa, na ce Allah ya kiyaye. Na rubuta Nafi'u da yatsana, baƙi bayan baƙi. Wani dogon rubutu ya fito, aka sake ƙwala masa kira daga shinge, ya ce yana tafiya, "Danna kawai, Baba, mun gama." Na danna.

Zuwa la'asar ta gama. Man Lawwali bai ma ƙare ba.

Alhamis, 23 ga Afrilu

Ta tashi kamar sabuwa. Har ɗan kiɗa take yi in ta farka. Sunan Nafi'u a sama.

Muka shiga neman ɗakunan. Filibus ya ce danna nan, na danna. Danna can, na danna. Babu. Ya matso da kujera. Ya daina zolaya. Can ya ce, "Baba, jiya da na tafi, ta nuna maka wata sanda?" Na ce ta nuna, na gyara, na zaɓi wadda ba ta raba kaya ba.

Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ya ce sandar da ba a yanka ba, ma'anarta a ba baƙon gidan duka. A share komai.

Na ce hoton guda ne. Ya ce e, guda ne, amma na baƙon.

Ban san abin da na ce ba bayan nan. Salmatu mai abinci ta ce har rumfarta an ji muryata.

Asabar, 25 ga Afrilu

Ban fita ba. Na ce zazzaɓi ne.

Litinin, 27 ga Afrilu

Filibus ya zo, ya tsaya a rana bai shigo inuwa ba. Ya ce laifinsa ne, dogon rubutun nan gargaɗi ne, da ya tsaya ya karanta da ya gani. Na ce masa e, laifinsa ne, da faifansa, da abokinsa na Zariya, da masu gayyar da suka zana sanda ba su tambayi mai ajiya yadda ake zana ta ba. Na haɗa da Lawwali da ƙaryar mansa. Ya tsaya ya shanye maganar duka.

Da ya tafi na dubi yatsana. Ni na kafa sharaɗin. Hannuna kaɗai. In da na bar shi ya taɓa, da yau ina da wanda zan kai ƙara.

Jakar tana nan yadda take. Nauyinta bai ragu ba, na ɗaga na ji. Sakainata tana ɗaure. In Nafi'u ya zo gobe ya haɗa baki, zai zauna daram, in miƙa masa, ya yi godiya ya tafi, babu wanda zai ce Maɗugu ya ci amana. Na yi wannan tunanin. Na rubuta shi don in ga kamarsa a takarda. Mummuna ne.

Alhamis, 30 ga Afrilu

Na koma wurin liman. Na ce abin da ba a gani, ba a taɓawa, ba shi da nauyi, in ya salwanta a hannun mai ajiya, an ci amana ko ba a ci ba? Ya ce bai taɓa cin karo da irinta ba, zai duba. Zai duba.

Filibus ya ce akwai masu aikin nan a Kano, wani lokaci suna tono abin da aka share, in ba a ƙara zuba wani abu a kai ba. Wataƙila rabi, wataƙila babu. Ya ce kada a sake kunna ta. Na naɗe igiyar na mayar cikin jaka. Ya ce ya kai ta da kansa ranar hutunsa. Na ce jakar nan ba za ta sake shiga wani hannu da izinina ba, izinina ne ya kashe ta. In za a kai ta Kano, mai ita ne zai ce a kai.

Na ce masa ya shigo inuwa, rana na dukansa kamar maraya. Ya shigo.

Lahadi, 3 ga Mayu

Da safe na so in tuna wace ce ke kuka cikin tagwayen, ta dama ko ta hagu. Na kasa. Kwana goma sha biyu kacal.

Sai wani tunani ya zo mini. Tsohuwar nan a shekarunta, da wuya tana raye. In wannan ne hotonta kaɗai fa? Yanzu babu shi a kwamfuta, babu shi a faifai. Filibus ya ce shi bai kalla sosai ba, yana duba agogo. Ke nan a kaina kawai yake. An mayar da ajiyar cikin kan tsoho mai shekara saba'in da huɗu wanda ke manta inda ya ajiye carbinsa.

Na koma shafin ranar Talata na karanta sau uku. Ƙofa koriya. Lemun tsami. Turmi a kife. Haƙori ɗaya.

Ta hagu ce, ina jin.

Talata, 5 ga Mayu

Ɗantala ya tsaya shan ruwa. Na ce masa, ba don komai ba, malamin dabbobi mai tagwaye mata, da za su kai shekara tara ko goma yanzu, a Maraɗi su nawa ne? Ya ce, "Haba Baba, ai da haka ka ce tun farko. Nafi'u dubu ne, amma baban tagwaye mai yi wa shanu allura, mahauta kaɗai za ka tambaya." Na ce da na sani tun farko da na zauna nan ina kallon fuskarka?

Ya ce in ba shi saƙo. Na ce saƙon ba na aike ba ne. Wa zan ba ya je ya ce wa mutum na share maka uwarka?

An yi hadari ta gabas, bai zubo ba.

Laraba, 6 ga Mayu

Ba wai na sake ra'ayi ba ne. Mai ajiya ba ya bin mai kaya, har gobe haka ne. Amma wanda ya yi ɓarna shi ke zuwa ƙofar wanda ya yi wa, wannan wata doka ce daban, ba ni na kafa ta ba. Rantsuwata kuma Riko na ambata, ban ambaci Maraɗi ba.

Ɗantala zai tashi gobe bayan asuba, ya ce gaba zai sa ni saboda gwiwa. Filibus ya duba katina ya ce allurata ta tsufa, ya yi mini wata, ya ji daɗin soka ta kuwa. Makullin rumfa yana wurin Salmatu. Na ce mata in dogo mai tabarau ya zo da rabin sakaina, ta zaunar da shi, ta ba shi abinci, kada ta bari ya motsa. Na aika wa Rakiya kada ta ba da gonar aro tukuna. Ban ce ina zuwa ba. Na ce dai kada ta bayar, kuma ta fitar da irin gero ta duba ko ƙwari sun shiga.

In na same shi zan faɗa masa abin da yatsana ya yi, ba zan sa Filibus a ciki ba. Zan zaunar da tagwayen in ba su hoton da baki, tun daga ƙofa har haƙorin kakarsu, kafin ya ƙara zubewa. In ya yafe, to. In ya ce alƙali, mu je, dama ina da tambaya.

Amma shi ma sai ya amsa mini. Jibi ya ce. Ina ya tsaya? In ciwo ne a gaya mini, in mantuwa ce ya dube ni ya faɗa, in kuma ya riga mu gidan gaskiya, a nuna mini wanda ya cire sakainar daga aljihun rigarsa bai tambayi ta mece ce ba. Alƙali ya tura ni, liman yana dubawa, direbobi sun yi dariya. Gobe zan tsaya a ƙofar nan koriya da jaka a hannu, kuma ba zan zauna ba, ba zan sha ruwansu ba, sai wani ya fito ya ba ni amsa.